Margaret Thatcher: me ya sa har yau Turawan Birtaniya ba su gama rigima a kanta ba?

Wai ta yaya za a ce mace ta ci zaɓe sau uku a jere, ta yi shekara 11 da rabi tana firaminista, ta fi kowa daɗewa kan wannan kujerar a Birtaniya a ƙarni na 20, amma ranar da ta mutu wasu suka fito titi suna kiɗa da rawa? Haka fa aka yi ranar 8 ga Afrilu 2013 a unguwar Brixton ta Landan da kuma birnin Glasgow. Ranar jana'izarta kuwa, 17 ga Afrilu, Sarauniya Elizabeth da kanta tana cikin majami'ar St Paul's ana yi wa gawar faretin sojoji, a daidai wannan lokacin mutanen Goldthorpe, wani ƙauyen masu haƙar kwal a arewacin Ingila, suna can suna cinna wa mutum-mutuminta wuta. A 2022 aka kafa mata wani mutum-mutumin a Grantham garin haihuwarta, bai yi wuni guda ba wani ya jefe shi da ƙwai. Da aka zo cikarta shekara 100 da haihuwa a Oktoban 2025 sai gardamar ta dawo sabuwa fil.

Mu ma nan da zarar an fara cacar baki kan cire tallafi ko sayar da kadarorin gwamnati sai ka ji wani ya jawo sunanta, wai shugaba mai ƙarfin hali irinta ake buƙata, wani kuma ya ce ai ita ce uwar duk wahalar. Yawanci dai rabin labarin kowa ke riƙe da shi.

Wace ce ita, kuma mece ce aƙidar tata?

An haife ta 13 ga Oktoba 1925, mahaifinta Alfred Roberts ɗan kanti ne mai sayar da kayan masarufi, a saman shagon suke zaune, kuma mai wa'azi ne a cocin Methodist. Ta karanta kimiyyar sinadarai a Oxford, daga baya ta koma ta zama lauya, ta shiga majalisa a 1959 daga mazaɓar Finchley. Tun tana ministar ilimi a gwamnatin Edward Heath ta fara ɗanɗana baƙin jini, saboda ta soke madarar da ake raba wa 'yan firamare masu shekara 7 zuwa 11 kyauta. A 1975 ta kayar da Heath ɗin ta karɓi shugabancin jam'iyyar Conservative, a Mayun 1979 ta zama mace ta farko da ta yi firaminista a ƙasar.

Conservative ita ce ake ce wa jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, amma kar sunan ya ruɗe ka, Thatcher ba ta zo don ta riƙe abin da ta tarar ba. Tun bayan yaƙin duniya na biyu manyan jam'iyyun biyu, su da Leba, sun yi kamar wata yarjejeniya wadda ba a rubuta ba: gwamnati ce za ta riƙe kwal da ƙarfe da jirgin ƙasa da lantarki da gas da tarho, ita za ta gina wa talaka gida ta ba shi haya mai sauƙi, za ta tabbatar kusan kowa na da aiki, kuma kafin ta yanke wani babban hukunci sai ta zauna da shugabannin ƙwadago. Wannan ginin ne ta zo rushewa. A nata ganin gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce, haraji mai yawa na kashe zuciyar nema, ƙungiyoyin ƙwadago sun fi ƙarfin zaɓaɓɓiyar gwamnati, kuma babban abokin gaba shi ne hauhawar farashi ba rashin aikin yi ba. Aƙidar kenan a dunƙule, ita da Ronald Reagan na Amurka suka yaɗa ta a duniya a shekarun 1980.

Ƙasar da ta tarar

A nan masu ƙin ta sukan yi saurin wucewa, kuma bai kamata ba. Birtaniya ta shekarun 1970 a jigace take. A farkon 1974 sai da aka taƙaita wa masana'antu wuta zuwa kwana uku a mako saboda rikicin masu haƙar kwal, rikicin da ya ci gwamnatin Heath. A 1975 hauhawar farashi ya kusa kashi 27 cikin 100. A 1976 ƙasar da ta mulki kusan rubu'in duniya ta je gaban asusun IMF neman rancen dala biliyan 3.9. Sai kuma hunturun 1978 zuwa 1979 da yajin aiki ya game ko'ina, shara ta yi tsibi a tsakiyar Landan, a Liverpool har masu haƙa kabari sun ajiye aiki gawarwaki suna jira. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, in ka ce masa Thatcher muguwa ce, abin da zai fara tambayarka shi ne to da wa zai gyara?

Maganin da ɗacinsa

Tana hawa ta rage harajin masu babban albashi daga kashi 83 zuwa 60, daga baya a 1988 ya koma 40, amma a kasafin farkon nan ta ɗaga harajin kayan saye wato VAT zuwa kashi 15, wanda shi kuma kowa ke biya, mai shi da mara shi. Kuɗin ruwa ya kai kashi 17 a ƙarshen 1979 don a matse kuɗin da ke yawo a hannun jama'a. Ga shi a lokacin man tekun arewa ya fara kwarara, darajar fam ta yi sama, kayan da ake ƙerawa a Birtaniya suka yi tsada a kasuwar duniya, masu masana'anta ga bashi ya yi tsada ga kaya ba ya fita, sai rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Hauhawar farashi kam ya sauka, daga kusan kashi 22 a 1980 zuwa ƙasa da kashi 5 a 1983. Amma marasa aikin yi da ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba lokacin da ta hau, a Janairun 1982 sun haura miliyan 3, kuma adadin ya daɗe a nan bai sauko ba sai wajen 1987. A 1981 masana tattalin arziki 364 suka sa hannu a wata wasiƙa cewa hanyar ba za ta ɓulle ba, a shekarar ce kuma tarzoma ta ɓarke a Brixton da Toxteth da wasu unguwannin da ke da baƙar fata da yawa. Ta ce ba gudu ba ja da baya.

Da yawa na ganin da ba don Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland a Afrilun 1982 ba, da labarinta ya ƙare a zango ɗaya. Ta tura jiragen ruwan yaƙi, cikin mako goma aka ƙwato tsibiran, sojan Birtaniya 255 suka mutu, na Ajantina 649, ciki har da 323 da suka nitse da jirgin Belgrano, wanda har yau ake gardama kan halaccin harbo shi. A 1983 ta ci zaɓe da rinjayen kujera 144, 'yan adawa kuma lokacin a rabe suke gida biyu.

Yajin aikin masu haƙar kwal

In kana son gane me ya sa aka ƙona mutum-mutuminta a Goldthorpe, nan za ka tsaya. A Maris 1984 hukumar kwal ta ƙasa ƙarƙashin Ian MacGregor ta sanar da shirin da zai rufe ramuka kusan 20 da ayyuka kusan dubu 20, ƙungiyar masu haƙar kwal ƙarƙashin Arthur Scargill ta tafi yajin aiki. Thatcher ba ta manta yadda waɗannan mutanen suka yi wa Heath ba, saboda haka tun kafin rigimar ta fara an riga an jibge kwal a tashoshin lantarki, an tsara yadda za a riƙa kwaso 'yan sanda daga wannan yanki zuwa wancan, an kuma yi dokokin da suka rage wa ƙungiyoyi ƙarfi. Shi kuma Scargill ya ba ta makami da hannunsa, ya ƙi yarda a kaɗa ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya kan yajin aikin, shi ya sa yawancin masu haƙa na Nottinghamshire suka ci gaba da zuwa aiki, kuma ya fara yajin ne hunturu na ƙarewa, lokacin da buƙatar kwal ke raguwa.

Shekara guda cur aka yi. Gidaje babu albashi, mata suka kafa wuraren dafa abinci na taimakon juna, wa da ƙani suka daina magana saboda ɗaya ya koma aiki, akwai garuruwan da har yau ba a yafe wa wanda ya karya yajin ba. Ranar 18 ga Yuni 1984 a Orgreave kusa da Sheffield dubban 'yan sanda, wasu a kan dawakai, suka gwabza da masu zanga-zanga, aka gurfanar da mutum 95 da manyan tuhume-tuhume, amma a 1985 shari'ar ta wargaje saboda shaidar 'yan sandan ba ta tsayu ba. A Yulin 1984 ne ta kira shugabannin yajin maƙiyan cikin gida, tana kwatanta su da maƙiyan waje da aka yaƙa a Falkland. Wannan kalmar ta zauna wa mutane a rai, don da yawa daga iyayen waɗannan ma'aikatan sun yi wa ƙasar yaƙin duniya. A Maris 1985 suka koma aiki ba tare da sun samu komai ba.

Masu kare ta na da hujja mai ƙarfi a nan: ramukan da aka rufe zamanin Harold Wilson na Leba a shekarun 1960 sun fi waɗanda aka rufe a zamaninta yawa, ramuka da dama asara suke yi ana cike giɓin da kuɗin haraji, kuma ko da wa ke mulki kwal na kan hanyar mutuwa. Duk gaskiya ne. Sai dai a zamanin Wilson wanda aka rufe raminsa yakan samu wani ramin ko wata masana'antar, a zamaninta kuwa an rufe ne lokacin da mutum miliyan 3 ke neman aiki, a ƙauyukan da ramin shi ne komai, shi ke riƙe da kanti da kulob da ƙungiyar ƙwallo. Ni a nan na fi ganin laifinta. Rufewar ba makawa, amma gwamnatin da ke samun maƙudan kuɗin man tekun arewa ba ta yi wani tanadi na kirki ga waɗannan garuruwan ba, aka bar kasuwa ta kawo musu aiki, kasuwa kuma ta tafi kudu. Norway da ke haƙar mai a teku ɗaya da su ta kafa asusun ajiya a 1990, Birtaniya ba ta kafa ba.

Cefanar da kamfanoni da gidaje

An sayar da British Telecom a 1984, British Gas a 1986, British Airways a 1987, British Steel a 1988, ruwan sha na Ingila da Wales a 1989, lantarki daga 1990. Jirgin ƙasa ba ita ta sayar ba, John Major ne bayanta, kuma asibitocin gwamnati na NHS ba ta sayar da su ba duk da ana yawan faɗa. An yi ta talla a talabijin ana kiran talaka ya zo ya sayi hannun jari, miliyoyi suka saya, da yawa kuma suka sayar da wuri suka ci 'yar ribarsu, a hankali hannun jarin ya tattara a hannun manyan kamfanoni na gida da na waje.

Sakamakon ba iri ɗaya ba ne. Inda ake iya gasa, kamar tarho da jirgin sama, da wuya ka samu mai son a koma gidan jiya, a da sai ka yi watanni kana jiran a sa maka layin tarho. Amma ruwan famfo fa? Ba ka da zaɓin kamfani, bututu ɗaya ne ya shigo gidanka. An miƙa kamfanonin ruwan ba bashi a kansu, yau Thames Water mai ba Landan ruwa na ɗauke da bashin da ya haura fam biliyan 15, ana ta ƙorafin kwararar da ƙazanta cikin koguna, bayan an kwashe shekaru ana raba wa masu hannun jari riba. Sikotilan ba ta sayar da nata ruwan ba.

Batun gidaje ya fi kowanne rikitarwa, don shi ne abin da talakawa da yawa suka so ta saboda shi. Dokar 1980 ta ba wanda ke haya a gidan ƙaramar hukuma damar sayen gidan da rangwamen kashi 33 zuwa 50, daga baya ma aka ƙara. Sama da gida miliyan ɗaya aka sayar kafin ta sauka. Ka ɗauki direban bas da kakanninsa ba su taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba, yau ga shi da gida nasa na kansa da zai bar wa 'ya'yansa, wannan mutumin ba za ka taɓa gamsar da shi cewa Thatcher maƙiyiyar talaka ce ba, kuma irinsu da yawa ne suka bar Leba suka zaɓe ta. Matsalar ita ce an ɗaure hannun ƙananan hukumomi, ba a bar su sun gina sababbi da yawancin kuɗin ba, gidajen gwamnati suka yi ta raguwa, wani kaso mai yawa na waɗanda aka sayar suka ƙare a hannun masu ba da haya, to jikan wancan direban shi ne yau ke biyan haya mai tsada a irin gidan da kakansa ya saya da araha. Sikotilan ta soke tsarin a 2016, Wales a 2019.

A Oktoban 1986 kuma aka sassauta dokokin kasuwar hannun jari ta Landan, bankunan duniya suka yi dafifi, birnin ya cika da kuɗi. Arziƙin ƙasar ya ƙaru a rabin ƙarshe na shekarun 1980, yawancin masu aiki sun ga ƙari a aljihu, amma tazarar mai kuɗi da talaka ta buɗe fiye da kowane lokaci tun bayan yaƙin duniya, kuma tazarar tana da taswira: Landan da kudu maso gabas a sama, arewacin Ingila da kudancin Wales da Sikotilan a ƙasa. Ka tuna kuma a duk zaɓukan nan uku ba ta taɓa kaiwa kashi 44 na ƙuri'u ba, tsarin mazaɓu ne ya ba ta rinjaye mai yawa.

Ita da Afirka, ita da mu

A wannan nahiyar an fi tuna ta da Afirka ta Kudu. Ta tsaya kai da fata kan ƙin ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata cikakken takunkumin tattalin arziki, tana cewa baƙaƙen fata ne za su fi shan wahala, kusan ita kaɗai a ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Saboda haka ƙasashe 32, har da Najeriya da Ghana, suka ƙaurace wa wasannin ƙungiyar a Edinburgh a 1986. A taron Vancouver na 1987 ta kwatanta ANC da ƙungiyar 'yan ta'adda. Magoya bayanta na cewa a bayan fage ta matsa wa shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, P.W. Botha, lamba ya saki Mandela, kuma hakan ya tabbata, Mandela ma ya ziyarce ta a Yulin 1990. Kuma a zamaninta aka yi yarjejeniyar Lancaster House a 1979 da ta kai Zimbabwe ga 'yanci a 1980, duk da cewa ba da wannan niyyar ta hau mulki ba, matsin lamba ya yi aiki, ciki har da ƙwace kadarorin BP da gwamnatin Obasanjo ta yi a ƙarshen Yulin 1979, wanda daga nan ne gidajen man AP suka samo asali.

Ita ce a kan mulki a Yulin 1984 da aka gano Umaru Dikko cikin akwati a filin jirgin Stansted, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Gwamnatinta ce ta sa ɗaliban waje biyan cikakken kuɗin jami'a daga 1980, ta kuma sanar da tilasta biza ga 'yan Najeriya da Ghana a 1986. A Janairun 1988 ta zo Najeriya zamanin Babangida, ta sha zanga-zangar masu adawa da wariyar launin fata, ta kuma je Kano aka yi mata hawan daba. Shirin SAP na 1986 ba ita ta rubuta shi ba, amma aƙidar da ke ƙarƙashinsa, karya darajar kuɗi da janye tallafi da sayar da kamfanoni, daga rijiya ɗaya aka ɗebo su.

A can gida Birtaniya kuma akwai Ailan ta Arewa. A 1981 fursunoni goma masu fafutukar raba yankin da Birtaniya suka mutu a yajin cin abinci, na farkonsu Bobby Sands wanda aka zaɓa ɗan majalisa yana kwance a kurkuku, ta ƙi ba su matsayin fursunonin siyasa. A Oktoban 1984 IRA, ƙungiyar da ke wannan fafutukar da makami, ta dasa bam a otal ɗin da take a Brighton, mutum biyar suka mutu, da safe ta fito ta ci gaba da taron jam'iyya.

Harajin da ya kayar da ita

Ba 'yan adawa suka cire ta ba, 'yan jam'iyyarta ne. Ta kawo harajin kai a madadin wanda ake biya bisa darajar gida, wato kowane baligi a ƙaramar hukuma ɗaya ya biya kuɗi daidai, attajiri mai katafaren gida da mai share masa gidan, sai ɗan rangwame ga marasa ƙarfi da ɗalibai. Mutanen Kano da Kaduna sun san irin wannan harajin, shi ne Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke tare da jangali a 1979. An fara shi a Sikotilan a 1989, shekara guda kafin Ingila, abin da mutanen can suka ɗauka a matsayin an mai da su zakaran gwajin dafi. Miliyoyi suka ƙi biya, ranar 31 ga Maris 1990 aka yi mummunar tarzoma a tsakiyar Landan. Ga kuma rigimarta da ministocinta kan Turai, mataimakinta Geoffrey Howe ya yi murabus ya caccake ta a majalisa, tsohon ministanta Michael Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyya, ta samu ƙuri'a 204 shi 152 amma ba ta kai tazarar da dokar jam'iyya ta gindaya ba, ministoci suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba. Ranar 28 ga Nuwamba 1990 ta bar gidan firaminista na Downing Street da hawaye.

Ina aka kwana yau?

Abin da ya fi ƙona wa masu ƙin ta rai shi ne Leba da ta dawo mulki a 1997 ba ta warware kusan komai ba. Tony Blair tun 1995 ya goge alƙawarin mallakar gwamnati daga kundin jam'iyyar, ya bar yawancin dokokin ƙwadagonta yadda suke, magajinsa Gordon Brown har shayi ya gayyace ta a 2007. To mutumin Goldthorpe wa zai zaɓa ya rama masa? Da yawa daga irin waɗannan garuruwan sun zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, a 2019 kuma wasu suka yi abin da ba a taɓa zato ba suka zaɓi jam'iyyar Thatcher ɗin, har Dennis Skinner na Leba, tsohon mai haƙar kwal da ke riƙe da mazaɓar Bolsover tun 1970, ya faɗi. A 2024 suka sake juyawa.

Kemi Badenoch da ta tashi a Legas, wadda ta karɓi shugabancin Conservative a Nuwamban 2024, ba ta ɓoye cewa Thatcher ce gwarzuwarta. Sai dai ƙasar da ke gabanta matsalarta ba ƙarfin ƙwadago ba ce, tsadar gida ce da kuɗin wuta da ruwa, kuma babu sauran manyan kamfanoni da yawa da za a sayar. Akalar ma ta fara juyawa: a Afrilun 2025 gwamnati ta karɓi ragamar masana'antar British Steel ta Scunthorpe don kar ta mutu, ana kuma mayar da kamfanonin jirgin ƙasa hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya. A Yulin 2025, shekara 41 bayan gwabzawar Orgreave, gwamnatin Keir Starmer ta sanar da kafa kwamitin bincike mai ikon tilasta wa shaidu bayyana da fito da takardu, ƙarƙashin Bishop ɗin Sheffield, don gano wa ya tsara abin da 'yan sanda suka yi a ranar da kuma yadda aka rubuta shaidar da ta rushe a kotu.